Gidan Mai Bi a Kwanakin Kulle

 Darasin nan a kan gidanka yake. Kafin ka ci gaba, sai ka buɗe Littafi Mai Tsarki ka karanta Farawa sura 7 da 8, da 1 Sarakuna sura 19. In ba ka koyi karatu ba tukuna, wanda yake karanta maka wannan takarda shi ma sai ya karanta maka su.

Akwai halin kirki da mutum yakan nuna a kasuwa, akwai kuma wanda yakan nuna a majami'a ran Lahadi. Su biyu ba su da wuya ƙwarai, gama na sa'a kaɗan ne, idon jama'a kuma yana kanka. Mai wuya shi ne wanda ake nunawa bayan an ja ƙyaure, inda ba mai gani sai mace da yara. A kwanakin lafiya mutum yakan kwana a gida kawai, da safe ya fita. Amma akwai kwanakin da hanya takan rufu, kasuwa ta mutu, a tara iyali duka wuri ɗaya, dare da rana, da abinci kaɗan da tsoro mai yawa. Mutanen Sabon Birni da Isa sun san irin waɗannan kwanaki fiye da yawancin mutane.

Yadda aka rufe ƙasa

Ran 27 ga watan Fabrairu 1920 ba a san wannan cuta ba. Shekara ɗari bayan haka, ran 27 ga Fabrairu 2020, aka sami mutum na fari mai cutar korona a Nijeriya, a birnin Ikko, watau Legas. Ran 30 ga Maris Shugaba Muhammadu Buhari ya sa aka rufe Legas da Ogun da Abuja, kowa ya zauna gidansa. A tsakiyar Afrilu aka rufe Kano. Aka sallami 'yan makaranta tun ƙarshen Maris, yawancinsu kuwa ba su koma ba sai wajen Oktoba. Aka hana tafiya daga wata jiha zuwa wata har farkon Yuli, aka kuma sa dokar hana fitar dare, daga ƙarfe 8 zuwa ƙarfe 6 na safe. A wurare da yawa aka hana taron masallaci da na majami'a. Idin Tashin Ubangiji na shekaran nan, ran 12 ga Afrilu, masu bi da yawa a ɗakunansu suka yi shi.

A gabashin Sakkwato ba a tsare mutane cikin ɗakunansu kamar yadda aka yi a Kano ba. Duk da haka kullen ya same su ta wata hanya, gama abincin ƙasan nan a kan hanya yake tafiya. Tun watan Agusta 2019 gwamnati ta riga ta rufe iyakar ƙasa, ba a buɗe ƙofar Illela ba sai Disamba 2020. Ka san kuwa Gobir ɗaya ce, ko da yake iyaka ta raba ta: wanda yake Sabon Birni yana da gwaggo a Tsibiri, yana da abokin ciniki a Maraɗi, yana da suruki a Gidan Rumji. Masu cin rani da suka tafi kudu bayan girbi, waɗansu suka maƙale can ba aiki ba kuɗin mota, waɗansu suka komo hannu wofi, ga shi kuwa lokacin da rumbu yake yin ƙasa ke nan, damina ba ta faɗi ba, rana tana ƙuna kamar wuta.

Ba cuta kaɗai ba. A ƙarshen Mayu 2020 'yan bindiga suka faɗa wa Garki da ƙauyukan da ke kusa da ita a ƙasar Sabon Birni, suka kashe fiye da mutum 60, dubban mutane kuma cikin watannin nan suka tsere zuwa jihar Maraɗi. A watan Satumba 2021, saboda yaƙi da 'yan bindigan nan, aka yanke layin wayar hannu a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni. A Zamfara kuma aka rufe kasuwannin mako, har da ta Shinkafi, wadda mutanen Isa suke ci kowace Alhamis. Wannan ma kulle ne, ko da ba annoba ta kawo shi ba. Abin da za mu faɗa a nan ya shafi kowane irinsa, ko na cuta, ko na tsoro, ko na dokar hukuma.

Abin da kulle yakan yi wa uba da uwa

Ka dubi maigida. Tun yana saurayi aka koya masa cewa darajar namiji ita ce ya fita da safe ya komo da cefane. Yau ya tashi, ba wurin zuwa. Majalisar da yakan zauna da yamma a gindin bedi, inda yakan sauke rabin damuwarsa cikin hira da dariya, ta watse. Ya shiga rumbu ya ƙidaya dammunan gero, ya ƙidaya bakunan da za su ci, lissafi bai kai ba. Ba ya faɗa wa kowa, gama yana jin kunya. Da dare ya kwanta, barci ya ƙi zuwa. Yana jin kukan kare sai gabansa ya faɗi. Da gari ya waye, yaro ya zubar da ɗan koko a tabarma, sai ga mutumin nan yana tsawa kamar an ƙone masa gona.

Ka dubi uwargida kuma. Ita aikinta bai ragu ba, ƙaruwa ya yi. Yaran da makaranta takan ɗauke mata rabin yini suna manne da zanenta. Ɗan ƙosai ko ƙuli-ƙuli ko furar da take sayarwa, wanda da shi take sayen sabulu da gishiri, take kuma zubin adashi, ba mai saye. Biki da suna da gaisuwar mara lafiya, waɗanda su ne ƙofarta ta fita ta ga 'yan'uwa mata ta faɗi abin da ke ranta, sun yi wuya. Ita ce ta ƙarshen cin abinci, ita ce ta ƙarshen kwanciya. Bisa wannan duka ga miji a tsakar gida yini guda, fuska a murtuke, yana ganin laifin abin da shekara goma bai taɓa lura da shi ba. (Abin a lura ne, kalmar nan kulle mata sun san ta tun kafin annoba, maza da yawa sai a 2020 suka ɗanɗana abin da ake nufi da ita, kuma ba su jimre ko wata ɗaya ba.)

Yanzu ga abin da muke so ka riƙe. Baƙin cikin gida kamar ruwan sama yake, ba ya tsayawa a tudu, kwari yake nema. Yadda ruwan da ya sauka a tudu yakan gangara har ya taru a fadamar Rima, haka nan ɓacin ran maigida yakan sauka a kan matarsa. Ita kuma, da yake ba ta iya mayar masa, sai ta sauke a kan babbar 'yarta. Yarinya ta mari ƙanenta. Ƙaramin ya fita ya jefi akuya. Wanda ya fi kowa rashin ƙarfi shi yakan ɗauki kayan gida duka, shi kuwa bai san farashin gero ba, bai san dokar gwamna ba. Abin da ya sani kawai shi ne, babansa ya daina yi masa dariya.

Kada ka ce wannan halin gidanka ne kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da labari a watan Maris 2022 cewa a shekarar fari ta annobar, ciwon damuwa da na fargaba sun ƙaru a duniya da kashi 25 cikin 100. Tun farkon Afrilu 2020 babban magatakardan Majalisar Ɗinkin Duniya, Antonio Guterres, ya yi kira ga gwamnatoci saboda dūkan mata ya yawaita cikin gidajen da aka rufe. A Ingila da Amurka, inda akwai abinci a ɗaki, haka aka gani. Ashe ba yunwa kaɗai ke kawo shi ba. Hausawa sun ce, zo mu zauna, zo mu saɓa. Kulle ba ya shigo da fushi gida daga waje. Ƙofofin da fushi yakan bi ya fita ne yake toshewa, sai abin da ke cikin zuciya tun dā ya bayyana.

Nauyin zuciya ba zunubi ba ne

Sabon mai bi yana da wani nauyi na dabam. Watakila danginka sun ja baya daga gare ka tun ran da ka ba da gaskiya, har ba ka da inda za ka ranci tiya ɗaya ta dawa. Masu bi a ƙasan nan kaɗan ne, a warwatse suke, mai wa'azi kuma yana nesa. Sa'an nan wani ya zo ya raɗa maka cewa, wannan masifa ta same ka domin ka bar hanyar iyayenka. Ko kuwa zuciyarka da kanta ta ce maka, da kai mai bi ne na gaskiya da ba ka ji tsoro haka ba.

Magana ta fari ƙarya ce. Annoba ba ta tambayi addinin kowa ba. A shekara ta 1918 wata mura mai tsanani, wadda kakanninmu suka kira marisuwa, ta sauka Ikko daga jirgin ruwa a watan Satumba, ta bi hanyar jirgin ƙasa har Arewa, ta kashe wajen mutum rabin miliyan a Nijeriya. A lokacin kuwa ba majami'a ko ɗaya a Gobir da za a ɗora wa laifi. A Bishara ta hannun Yohanna sura 9, almajirai sun ga wani da aka haifa makaho, suka nemi sanin ko laifinsa ne ko na iyayensa, Ubangiji kuwa ya kawar da zargin daga kansu duka. Kada kuma ka yi tsammani kiyaye dokar lafiya rashin bangaskiya ne. Cikin Attaura, a Littafin Firistoci sura 13, an umarta a keɓe wanda ake shakkar cutarsa kwana 7, a sāke dubansa, in ya kama a ƙara 7. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da koyarwa cewa kada a shiga garin da annoba take, kada kuma na ciki ya fita. A wannan ba mu da gardama da su.

Magana ta biyu kuwa, labarin annabi Iliya ya amsa ta. Wannan mutum ya tsaya shi kaɗai a bisa dutsen Karmel gaban annabawan Ba'al 450, wuta ta sauko daga sama saboda addu'arsa. Ba a daɗe ba sarauniya Yezebel ta aika masa da saƙon kisa, sai ya gudu. Ya bar baransa a Biyer-sheba, ya yi tafiyar yini guda cikin jeji shi kaɗai, ya zauna gindin wani ɗan itace, ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Ka lura ƙwarai da abin da Allah ya yi masa. Bai tsauta masa ba, bai yi masa wa'azi ba. Ya bar shi ya yi barci. Mala'ika ya tashe shi, ga waina da tulun ruwa. Ya ci, ya sha, ya sāke kwanciya. Aka sāke tashinsa, ya sāke ci. Sai bayan tafiyar kwana 40, a dutsen Horeb, Allah ya tambaye shi abin da ya kawo shi, ya kuma saurari kukansa har sau biyu, magana ɗaya yake ta maimaitawa. Sa'an nan ya gyara masa lissafi: Iliya yana cewa shi kaɗai ya ragu, alhali akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa gunki ba. Daga ƙarshe ya ba shi aiki, ya kuma ba shi abokin tafiya, watau Elisha.

Abinci, barci, kunnen da zai saurara, aiki, aboki. Sa'an nan gyaran tunani. In Allah ya bi da annabinsa haka, kai ma ka bi da kanka haka, ka kuma bi da matarka haka. Gajiya da tsoro da kuka ba zunubi ba ne. Ubangiji Yesu kansa ya yi baƙin ciki mai tsanani a gonar Jatsaimani, ya kuwa faɗa wa abokansa uku, bai ɓoye ba.

Amma sauke shi a kan marasa ƙarfi zunubi ne

A nan ne hanya ta rabu, ya ɗan'uwa. Ba kai ka kawo nauyin ba, amma kai ne za ka amsa tambaya a kan inda ka ajiye shi. Mutumin da ya ce, na doke ta ne domin raina a ɓace yake, sai a tambaye shi, don me bai doki ɗan sandan da ya tare hanya ba, ko mai shagon da ya ƙara kuɗin shinkafa? A gabansu ya iya riƙe hannunsa. Ashe yana da ikon riƙewa. Ya zaɓi wanda ba zai rama ba ne. Manzo Bulus ya gargaɗi maza a Kolosiyawa sura 3 kada su yi wa matansu zafin rai, ya gargaɗi ubanni kuma kada su matsa wa 'ya'yansu har zuciyarsu ta karai. Manzo Bitrus, a wasiƙarsa ta fari sura 3, ya ƙara da wata magana mai ban tsoro, cewa yadda miji yake zama da matarsa yana iya tare addu'arsa. Mutumin da ya sa matarsa kuka da magariba, ya durƙusa da lisha yana roƙon abinci, ya rufe wa kansa ƙofa.

To, ƙaƙa za ka yi? Abu na fari, wanda ya fi wa namiji wuya, shi ne ka gaya wa matarka gaskiyar abin da ke cikin rumbu da abin da ke cikin aljihu. Labarin zuciya a tambayi fuska. Ta riga ta ga akwai abu, amma da yake ba ka faɗa ba, sai ta zaci ita ce ta yi laifi, ko kuwa kana shirin wani abu a ɓoye. Ku zauna bayan yara sun yi barci, ku ƙidaya tare: dami kaza ya ragu, sati kaza kafin sabon gero, ga akuyar da za a iya sayarwa, ga bashin da za a roƙi a jinkirta. Sau da yawa za ka tarar ta fi ka dabarar miƙa abinci, gama aikinta ne tun tana yarinya. Lissafin da mutum biyu suka sani, ko bai kai ba, ba ya hana barci kamar wanda mutum ɗaya yake juyawa cikin duhu. Ke ma, 'yar'uwa, in kin gaji ki faɗa da baki tun kafin hannunki ya faɗa a jikin yaro. In kina da ɗan abin da kika ajiye, kada ki ɓoye saboda fushi, ko da yake naki ne, ba mai ikon ƙwace miki.

Sa'ad da ka ji zuciya ta taso, ƙirji yana zafi, murya tana hawa, kada ka tsaya ka ce za ka yi maganar a hankali. Lokacin hankali ya wuce. Tashi ka fita zaure, ko bayan gida wurin dabbobi, ka wanke fuskarka, ka yi addu'ar da Ubangiji ya koya mana har ƙarshenta, sa'an nan ka komo. Horon yaro yana da wurinsa, amma uban da ke rawar jiki da fushi ba horo yake yi ba, ramuwa yake yi. In kuwa ka riga ka yi ɓarna, kada ka kwana da ita. Wasiƙar Afisawa sura 4 ta sa wa fushi iyaka, iyakar kuwa faɗuwar rana ce.

Ka ba yini siffa. Gidan da ba makaranta, ba kasuwa, ba Lahadi, kwanakinsa sukan narke su zama abu ɗaya, yara su rikice, manya su ƙara gajiya. Nuhu da iyalinsa, mutum 8, sun shiga jirgi ran 17 ga wata na biyu, ba su fito ba sai ran 27 ga wata na biyu na shekara mai zuwa. Shekara guda ke nan da kwana 10, da surukai uku a ɗaki ɗaya da uwar mijinsu. Littafi bai faɗa mana abin da suka ce wa juna ba. Amma mun sani akwai dabbobin da za a ba abinci kowace safiya, mun kuma ga Nuhu yana ƙidayar kwanaki bakwai bakwai sa'ad da yake aiken kurciya, watau bai bar mako ya ɓace masa ba. Haka kai ma. A tashi lokaci ɗaya, a ci abin da ya samu tare, kowane yaro da aikinsa: wannan ya ba kaji ruwa, wannan ya share tsakar gida, babban ya koya wa ƙaramin baƙaƙe a ƙasa da tsinke. Ran Lahadi a yi wanka a sa riga mai tsabta ko ba inda za a je. Ikilisiyar fari a gidaje take taruwa, kamar wadda ke gidan Akila da Biriskilla. Ibadar gida kuwa kada ta yi tsawo: aya kaɗan, waƙa ɗaya, kowa ya faɗi abu ɗaya da yake roƙo, har ƙaramin. Kada uba ya mai da ita wurin karanta laifofin iyalinsa da sunan addu'a; mun ga ana yi, yara kuwa sukan tashi da ƙin addu'a saboda haka.

Yara suna ji, ko an yi ƙasa da murya. Kada ka yi musu ƙarya cewa ba kome, kada kuma ka juye musu dukan abin da ka ji a rediyo, ko labarin wanda aka kashe a hanya. Ka faɗa musu daidai ƙarfinsu: akwai wahala a ƙasa, ba laifinku ba ne, muna nan tare da ku, Allah kuma yana gani. In yaron da ya daina fitsarin kwance ya koma yi, ko yana firgita cikin barci, ko ya daina magana, tsoro ne yake fita ta nan, bulala kuwa ƙara shi take yi.

Ga kuma wata magana da maza ba su so. In kana zaune ba aiki, matarka kuwa tana daka da goyo a baya, ka karɓi yaron. Ka ɗebo ruwa, ka faskara itace, ka fita da yara zaure sa'a ɗaya ta runtsa. Maƙwabta za su yi dariya, gaskiya ne. Ubangijinka ya ɗaura zane a gindinsa ya wanke ƙafafun almajiransa, aikin da bawa yakan yi. Dariyar maƙwabta ba ta kai wannan ba.

Inda addu'a take aika ka wurin likita

Akwai baƙin cikin da abinci da barci da hira sukan kawar, akwai kuma wanda ya zama ciwo. Likitoci sun ba da alamunsa: mutum ya yi sati biyu ko fiye zuciyarsa a dagule kusan kullum, abin da dā yake so ya daina yi masa daɗi, barci da ci su lalace, ya ga kansa ba shi da amfani. Yakan sami mace bayan haihuwa, har ta kasa duban jaririnta. Wannan ba aljanu ba ne, ba sammu ba ne, ba kuma hauka ba ne. Ciwo ne kamar zazzaɓi, yana da magani. Kada ka koma wurin boka, kada ka ɗaure mara lafiya, kada kuma ka nemi sauƙi wurin giya ko ƙwayoyin nan irin su tiramadol, waɗanda sukan ranta maka kwanciyar rai ta dare ɗaya su karɓi riba daga bakin 'ya'yanka. Ku fara da asibitin da ke kusa. Akwai kuma asibitin gwamnatin tarayya na ciwon ƙwaƙwalwa a Kware, kusa da Sakkwato. In wani a gidanka ya fara cewa gara ya mutu, kada ka ɗauka wasa ne, kada ka tsauta masa. Ka zauna da shi, ka kawar da maganin ƙwari na gona da igiya da makami daga inda hannunsa zai kai, ka kira wani dattijo amintacce, ku kai shi wurin likita ba da jinkiri ba.

Ke kuma da ake dūka, haƙurin da Littafi ya koyar ba shi ne ki yi shiru har a karya ki ba. Ki gaya wa matar mai wa'azi ko wata dattijuwa cikin masu bi. In ranki ko na 'ya'yanki yana cikin hatsari, ki fita zuwa inda za ki tsira, ba ki yi zunubi ba. Dattawan ikilisiya kuma kada su mai da mace ɗakinta da kalmar haƙuri kawai, ba su kira mijin sun tsawata masa ba. In kuwa ka ji kuka ta bayan danga kowane dare, ko gidan mai bi ne ko ba nasa ba ne, ka sami maigidan a zaure da rana, ka gaishe shi, ka tambayi lafiyarsa, ka kai masa ɗan abin da kake iyawa. Sau da yawa mutum ɗaya da zai saurare shi ne ya rasa.

Bayan an buɗe ƙofa

Ka koma ga Nuhu, ka karanta har Farawa sura 9. Ya jimre ruwan tsufana, ya fito, ya gina bagade, ya ga bakan gizo. Bayan wannan duka ne ya dasa inabi, ya sha ya bugu, ya kwanta tsirara cikin alfarwarsa, ɗansa Ham ya gan shi ya kai labari waje, maganar la'ana kuma ta fito daga bakin kaka ta faɗa a kan jikansa Kan'ana. Littafi bai ce zaman jirgi ne ya jawo wannan ba, mu ma ba za mu ce ba. Amma ya nuna mana gidan da ya tsira daga ruwa ya tsage a kan busasshiyar ƙasa.

Ran 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta daina zama abin gaggawa na dukan duniya. Makarantu sun buɗe tun dā, motoci suna tafiya. Amma yaron da yake da shekara 6 a 2020 ya zama saurayi yanzu, watakila kuwa har yau in ya ji takunka a zaure sai ya yi shiru ya nemi hanyar fita. Watakila akwai maganar da ka faɗa wa matarka a kwanakin nan, kai ka manta, ita tana nan da ita. A al'adarmu babba ba ya roƙon gafarar ƙarami. Yakan saya masa takalmi ne, ko ya ƙara kuɗin cefane, a ce magana ta wuce. Ba ta wuce ba, an rufe ta da ƙasa ne. Ubangiji ya koyar a Matiyu sura 5 cewa wanda ya kawo baikonsa, ya tuna wani yana da ƙara a kansa, sai ya ajiye baikon ya je ya shirya da shi tukuna. Bai cire mace da 'ya'ya daga cikin wannan ba.

Saboda haka kafin Lahadi mai zuwa ka kira yaron shi kaɗai, ba gaban ƙannensa ba, ka zaunar da shi kusa da kai. Ka ambaci abin da ka yi da sunansa, kada ka ce kawai in na taɓa ɓata maka. Ka ce masa, “Ɗana, shekarar da aka rufe hanya na doke ka a kan abin da bai kai ba. Tsoro nake ji a lokacin, ba laifinka ba ne. Ka yafe mini.” Kada ka ƙara da amma. Watakila ya sunkuyar da kai bai ce kome ba, gama bai taɓa jin irin wannan daga bakin babba ba. Kada ka matsa masa ya amsa a ranar. Sa'an nan ka shiga wurin uwarsa.